Likitan Sin da jarrabawar Turanci: gwajin ƙwarewa ne ko shingen karɓar kuɗi?

Baba Ɗanladi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana damuna, yau dai na ce sai na kawo ta gabanku tunda akwai masana a ciki. Ƙasar Sin ce ta gina asibiti mai gado 1,000 a Wuhan cikin kwana goma a farkon 2020, duniya na kallo. Ma'aikatan jinyarsu masu rajista sun haura miliyan 5. Maganin zazzaɓin cizon sauro da na yi shekaru ina miƙa wa mutane ta taga, artemisinin, daga binciken Tu Youyou ya fito, matar da ba ta yi karatu a ƙasar waje ba, har ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Amma wai likitan irin wannan ƙasa idan zai yi aiki a Ingila ko Ostireliya, sai ya biya kuɗi wani yaro da bai san ɓangaren da saifa take ba ya zaunar da shi, ya tambaye shi labarin garinsu da abincin da ya fi so, sannan ya yanke masa maki. In makin bai kai ba, ya koma gida. Ni a wurina wannan ciniki ne aka lulluɓe da sunan kare marasa lafiya. Wanda ke da wata hujja ina saurare.

Dakta Auwal:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. A Sin na yi karatun likita, don haka ku ba ni dama in ɗan warware, domin jarrabawar ba ɗaya ba ce. Kafin Bature ya tambayi likitan Sin ko kalma guda, Sinawa da kansu sun riga sun jarraba shi sau da yawa.

Tun 2001 aka fara koyar da Turanci daga aji uku na firamare. A jarrabawar shiga jami'a, wadda suke kira gaokao, harshen waje na ɗauke da maki 150 cikin 750 a yawancin larduna, daidai da lissafi, daidai da Sinanci kansa. In ya shiga jami'a sai ya tarar da jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a, CET-4, wadda aka soma a 1987, da yayarta CET-6. Jimillar makin 710 ne, kuma sai ka sami 425 a ta farko za a bar ka ka zauna ta biyu. Manyan asibitocin birane da yawa idan suna ɗaukar sababbin likitoci suna neman takardar CET-6 a cikin fayil. Bayan wannan akwai wadda aka yi musamman don ma'aikatan lafiya, METS, mai matakai huɗu, da aka fara a 2007, an gina ta kan Turancin asibiti. A da ma har ƙarin girma a wurin aiki ba ya samuwa sai ka ci wata jarrabawar harshen waje da ke da ɓangaren ma'aikatan lafiya, sai a 2016 gwamnati ta ce a daina tilasta wa kowa da kowa.

Dalilinsu a fili yake. Manyan mujallun likitanci da Turanci ake buga su, kuma likitan babban asibiti a can ba ya hawa sama sai ya wallafa bincike a irin waɗannan mujallu.

Baba Ɗanladi:
To ka ga ka ƙara mini ƙarfi, ɗana. Mutumin da ya sha wannan wahala tun yana ɗan shekara takwas, ya tara takardu har uku ko huɗu, me kuma ake nema a wurinsa?

Dakta Auwal:
Baki ake nema, Baba. A CET, gwajin magana a ware yake, ba dole ba ne, mutum zai iya riƙe takardar CET-6 bai taɓa buɗe baki gaban mai jarrabawa ba. Malamanmu na asibiti akwai waɗanda za su karanta maƙala mai shafi ashirin a mujallar Lancet su fito maka da kuskuren lissafin da ke ciki, amma in ka tsare su a baranda ka yi musu tambaya mai sauƙi da Turanci sai su ciro biro su ce ka rubuta. Su kansu Sinawa suna yi wa abin ba'a, suna ce masa Turancin bebe.

Sannan karatun likitancin kansa da Sinanci ake yi, jarrabawar lasisi ma da Sinanci. Mu nan ko da Hausa muke magana da mara lafiya, sunan cuta da na magani da Turanci muka koye su. Su kuwa kusan kowace cuta, kowace jijiya, kowane magani yana da sunansa na Sinanci. Ranar da likita ya yanke shawarar fita waje, dubban sunayen abubuwan da ya riga ya sani sarai zai sake haddacewa.

Malam Habibu:
Sannu da ƙoƙari Dakta. Ni aikina shirya ɗalibai ne su zauna IELTS, jarrabawar Turancin da ake nema a wurin mai fita waje, kuma alƙaluman da masu jarrabawar ke fitarwa sun gaskata ka. Matsakaicin makin masu zama daga babban yankin Sin yana yawo ne a wajen 6 cikin 9, karatu ne ke ɗaga su, magana da rubutu ke jan su ƙasa. Yanzu ku dubi abin da ake nema. Hukumar rajistar likitoci ta Birtaniya, GMC, tana son 7.5 a jimilla, kuma kada a sauka ƙasa da 7 a ko ɗaya daga cikin sauraro, karatu, rubutu da magana. Ta ma'aikatan jinya da ungozoma, NMC, tana son 7 a jimilla, 7 a sauran ukun, 6.5 a rubutu. Wanda bai san jarrabawar ba zai ce ai daga 6 zuwa 7 taki ɗaya ne. Wallahi ba haka ba ne. Daga 5 zuwa 6 ƙoƙari da haddar kalmomi na iya kai mutum, amma 7 a magana sai harshe ya saki, sai ka iya gyara zancenka kana tsakiyar faɗa ba tare da ka tsaya kana fassara a ka ba.

Kuma akwai wata al'ada da ke cutar da su. Ana tara tambayoyin da suka fito a baya, a rubuta amsoshi masu kyau, ɗalibi ya haddace. A jarrabawar takarda wannan dabara tana ci. A gaban mai jarrabawa ba ta ci, domin an horar da shi ya gane haddatacciyar amsa, yana ji zai karkatar da tambayar, sai ka ga mutum ya tsaya cak.

Ummi:
Malam don Allah ina da tambaya, ni ɗalibar jinya ce. Na ji Baba ya ce ana tambayar mutum abincin da ya fi so. Da gaske haka ake yi wa likita? Ina ruwan wannan da asibiti?

Malam Habibu:
Da gaske ne ƙanwata, kuma a nan Baba yana da gaskiya. IELTS ba don ma'aikatan lafiya aka yi ta ba, ta duk mai son shiga jami'a ce. Minti 11 zuwa 14 na hira kan garinku, hutu, kiɗa, zirga-zirgar birni. A rubutu kuma awa ɗaya: ka bayyana wani jadawali da kalma 150, sannan ka rubuta insha'i mai kalma 250 kan, misali, ko ya kamata gwamnati ta kashe kuɗi a gidajen tarihi. Nas da ta shekara goma a ɗakin kulawa ta musamman tana iya faɗuwa a kan gidan tarihi.

Shi ya sa OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, ta samu karɓuwa. A Ostireliya aka ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1980, aikin Farfesa Tim McNamara ne, kuma ta shafi sana'o'in lafiya 12. Sauraro da karatu kowa iri ɗaya yake yi, amma rubutu da magana na sana'arka ne. Za a ba ka bayanan mara lafiya a ce ka rubuta wasiƙar tura shi wurin wani likita cikin minti 45. A magana kuma wasan kwaikwayo biyu ne, kowanne wajen minti biyar: wani ya zama mara lafiya ko ɗan'uwansa, kai kana matsayinka na nas ko likita. Makin daga 0 zuwa 500 ne, B tana farawa daga 350. NMC ta fara karɓarta a 2017, GMC a 2018.

Sista Rabi:
Na daɗe ina karantawa ban tanka ba, yanzu na tashi daga barci. Baba, ina gaisuwa, amma yau kam ba na bayanku.

A Ingila nake aikin jinya, kuma na yi aiki da 'yan Sin, da 'yan Filifin, da 'yan Indiya. 'Yan Sin da na sani hannunsu na da kyau ƙwarai. Jijiyar da ta gagari kowa su za a kira, ba sa wasa da lokaci, ba sa ƙorafi. Amma ku zo mu tsaya a ɗakin marasa lafiya ƙarfe uku na dare. Tsoho ya rikice, numfashinsa ya sauya, dole ki ɗaga waya ki kira likitan da ke can wani bene yana fama da wasu. Ba ya ganin fuskarki, ba ya ganin hannunki, ba takarda, ba biro. Kina da ƙasa da minti ɗaya ki faɗa masa waye, me ya faru, me kika auna, me kike so ya yi. Ya ba ki umarni da sauri, ki maimaita masa don a tabbatar. A Turanci 15 da 50 kusan sautinsu ɗaya a waya, haka 13 da 30. Wannan ba gidan tarihi ba ne, adadin magani ne.

Ga wani abu da sai wanda ya zauna da su ya sani. A Sinanci na baka, kalmar da ake nufin namiji da ita da wadda ake nufin mace sautinsu ɗaya ne, a rubutu kawai suka bambanta. Don haka ko wadda ta ƙware, in ta gaji ko ta ruɗe, sai ta juya su a Turanci. A hira abin dariya ne. A lokacin miƙa aiki da safe, ana bayanin mutum ashirin a jere, gado na huɗu namiji gado na biyar mace, ba abin dariya ba ne ko kaɗan. Haka aikatau ɗinsu ba ya sauyawa da lokaci, to "an ba shi" da "za a ba shi" in suka cakuɗe, ko a ba mutum allura sau biyu ko a hana shi gaba ɗaya.

Ba don raini aka kafa dokar ba. A 2008 wani likita da ya zo daga Jamus aikin cike gurbi, a ranarsa ta farko, ya yi wa wani dattijo allurar diamorphine, maganin kashe zafi mai ƙarfi, ninki goma na abin da ya kamata, mutumin ya mutu. Da aka bincika sai aka ga wata hukumar lafiya a Ingilar ta riga ta ƙi shi saboda makin Turancinsa bai kai ba, wata kuma ta karɓe shi ba ta duba ba. Bayan wannan ne a 2014 aka ba GMC ikon bincikar Turancin likitocin Turai ma. Kun ga ba Sinawa kaɗai ake tsarewa ba.

Baba Ɗanladi:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, na ji bayaninki. Amma wancan likita rashin sanin maganin ne ya kai shi, ba rashin Turanci kaɗai ba. Ni da na yi aikin magani na san wanda bai saba da diamorphine ba ko da harshen uwarsa aka yi masa magana zai iya kuskure.

Sista Rabi:
Haka ne Baba, abubuwa da yawa ne suka haɗu, har da gajiya. Amma wanda harshensa ya saki yana da sauƙin cewa "ban saba da wannan ba, nawa kuke bayarwa a nan?" Wanda ke jin nauyin bakinsa shiru yake yi ya yi abin da yake zato. Shirun nan shi na fi tsoro a wurin aiki.

Garba Kwari:
Ku gafarce ni malamai, ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ƙanina ne ya saka ni a zauren. Ina zuwa Guangzhou sayo kaya. Ciwon ciki ya taɓa kama ni a can, na je asibiti, likitan bai jin Turanci ni ban jin Sinanci. Waya ya ciro, ya yi magana ta fassara, na yi magana ta fassara, ya rubuta magani, na warke sarai. To tunda waya na yi, wahalar me ake sha?

Dakta Auwal:
Alhaji Garba, Allah ya ƙara sauƙi, amma ka je da ƙafarka, hankalinka ɗaya, ciwonka ɗaya. Ka kawo tsohuwa mai shekara tamanin da ba haƙora, tana nishi, tana magana ciki-ciki da karin harshen ƙauyensu, ka ga abin da wayar za ta rubuta. Ko a ɗakin tiyata jini ya ɓalle, hannuwa biyu cikin safar hannu, wa zai tsaya danna waya? Kuma in za ka gaya wa mutum cutar da aka gano ba ta da magani, ba na jin akwai mai so a miƙo masa allon waya ya karanta.

Garba Kwari:
Wannan kuma gaskiya ne Dakta. Na janye, amma dai maganin nasu ya yi mini aiki.

Isuhu Yamai:
Salamu alaikum. Ni daga Nijar nike, aikin awon jini nika yi. Kuna ta zancen Ingila, ku bari in kawo muku wanga gefe, don mu nan likitocin Sin ba labari ba ne, muna ganinsu. Tun 1963 Sin ta fara aiko tawagar likitoci Afirka, Aljeriya ta fara samu. Tsarinsu kowane lardi da ƙasar da aka ba shi: mu Nijar lardin Guangxi ne ke aiko muna tun 1976, Sudan na samu daga Shaanxi, Kamaru daga Shanxi, Chadi daga Jiangxi, Ghana daga Guangdong. Babban asibitin nan na Yamai mai gado 500 da aka buɗe a 2016 su sunka gina shi.

To mu nan ko likita ya zo da 9 a IELTS ba abin da za ta yi mishi, Faransanci aka aiki da shi. Kafin su taso ana yi musu horon harshe na wasu watanni, kuma tawaga na zuwa da tafinta nata. Amma tafinta guda, likitoci da yawa, kuma shi tafintan harshe ya karanta ba likitanci ba. A wani wuri da na yi aiki, ga yadda abin ke tafiya: tsohuwa ta faɗi ciwonta da Hausa ko Zabarmanci, nas ya juya shi Faransanci, tafinta ya juya shi Sinanci, amsa kuma ta biyo wannan hanya ta dawo. Kamar a auna hatsi da tiya uku daban-daban, kowace da nata baki, abin da ya isa gida ba shi ne aka auna a kasuwa ba.

Abin da na lura, masu tiyata da masu allurar gargajiyarsu sun fi samun sauƙi, aikinsu na hannu ne. Mai duba ciwon ciki da na yara shi ka shan wuya, don rabin aikinshi tambaya ce. Kuma waɗanda mutane sunka fi so su ne waɗanda sunka koyi 'yan kalmomi na Hausa: ina ke ciwo, tun yaushe, buɗe baki, kwanta, sannu. Ba wata jarrabawa da ta auna wannan.

Malam Habibu:
Malam Isuhu ka kawo abin da ya kamata a tsaya a kai. Ba Turanci ne abin nema ba don kansa, harshen wanda ke kwance a gado ne. Nas ɗin Sin da za ta tafi Japan, kuma suna tafiya da yawa, jarrabawar Japananci take zama. Wadda za ta Jamus kula da tsofaffi, Jamusanci ake nema a wurinta har matakin B2. Waɗanda suka tafi Singafo da Saudiyya da kwangila kuwa Turancin asibiti ne ya kai su, duk da a Saudiyya mara lafiyan Larabci yake yi, nan ma an koma gidan tafinta.

Dakta Auwal:
Kuma Baba, in batun mutunci ne, su ma Sinawa haka suke yi wa baƙo. Mu baƙi da muka yi karatu da Turanci a can, sai da muka ci jarrabawar Sinanci ta HSK, domin mara lafiyan da za ka koyi aiki a kansa ba ya jin komai sai harshensa. Cikakken lasisinsu da Sinanci ake zama jarrabawarsa. Har a tsakaninsu ma matsalar na nan: likitan da ya taso daga arewa aka kai shi Guangzhou, tsofaffi masu Kantonanci sai ya nemi nas 'yar gari ta tsaya masa.

Wani abin sha'awa a gefe: makarantar likitanci mafi daraja a ƙasar, Peking Union a Beijing, gidauniyar Rockefeller ce ta kafa ta a 1917, kuma da Turanci ake koyarwa a farkonta. A shekarun 1950 aka juya ga Rashanci, sai bayan 1978 Turanci ya dawo da ƙarfi. Malaman da suka koyar da malaman yau da yawansu daga littafi suka koyi Turancin, ba daga bakin kowa ba.

Ummi:
Anti Rabi, to mu 'yan Najeriya da tun firamare da Turanci muke karatu, me ya sa mu ma ake sa mu zama? Ai mu ba kamar Sinawa ba ne.

Sista Rabi:
Ƙanwata, Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da suke ɗauka a matsayin masu Turanci a matsayin harshen yawancin jama'a, don haka yawancinmu sai mun zauna. Kuma kada ki raina ta. Mu bakinmu a sake yake, amma rubutu na kayar da mu, sauraro ma haka in aka sako mai karin harshen Sikotlan ko Ostireliya. Su Sinawa ƙarfinsu a ido yake, mu namu a baki.

Shugaban Zaure:
Jama'a a yi haƙuri, batun 'yan Najeriya mun yi shi a baya, Ummi ki duba tsofaffin saƙonni. A tsaya kan maudu'in Baba.

Baba Ɗanladi:
Na gode shugaba. To na yarda harshe na da muhimmanci, ban taɓa musun wannan ba. Amma ku amsa mini uku. Na ɗaya, kuɗi. IELTS a Sin wajen yuwan 2,000 ce zama ɗaya, OET kusan dalar Ostireliya 600. Ƙaramar nas a asibitin gunduma nawa take ɗauka a wata? Kuma ba a cika ci a zama ɗaya ba. Na biyu, su wa ke da jarrabawar? IELTS ta British Council ce da kamfanin IDP na Ostireliya da Cambridge. OET ta Cambridge ce da wata kwaleji a Melbourne. Duk ƙofar da ka bi, Cambridge na zaune tana jira. METS da Sinawa suka yi da kansu kuwa ba GMC ba NMC, babu mai kallonta. Na uku, wanda ya fi ba ni haushi: da 7 ake nema a rubutu, da aka rasa ma'aikatan jinya a Birtaniya sai a ƙarshen 2018 aka sauke zuwa 6.5. To da can rayukan marasa lafiya na cikin haɗari ne a 6.5, ko yanzu ne suka daina zama abin damuwa? Ma'aunin da ke sauka in ana buƙatarka, ya hau in an ƙoshi, wannan ma'aunin kasuwa ne.

Malam Habibu:
Baba, Allah ya ja da rai, ta ukun nan ta zauna. Har ma in ƙara muku: a OET ma NMC ta sauke rubutu daga B zuwa C+. A Amurka kuma, da aka soke jarrabawar nan ta duba mara lafiya ido da ido a 2021, hukumar ECFMG da ke tantance likitocin waje ta koma neman OET, ta fara da 350 a duka huɗun, daga baya ta sauke rubutu zuwa 300. Buƙatar ma'aikata na taka rawa, ba mai musu.

Amma ku lura da abin da ake saukewa. Kullum rubutu ne. Makin magana da na sauraro suna nan inda suke. Ni abin da na fahimta, hukumomin sun gano insha'i mai ƙawa ba shi ke ceton rai ba, rubutun asibiti gajere ne kuma yana da tsari, amma ba su yarda su sassauta a kan kunne da baki ba. Wannan sassauci ya taimaki ɗan Najeriya da ɗan Indiya da ɗan Filifin sosai, domin rubutu ne ke riƙe su. Ɗan Sin kuwa an rage masa kaya ɗaya, amma wanda ya fi danne shi, wato magana, yana nan. In akwai wanda zan ɗora wa laifi a nan, tsarin da ya koyar da yaro Turanci shekara goma sha ba tare da ya tilasta masa buɗe baki ba shi ne na farko.

Batun METS kuma, Sin ta fitar da nata ma'aunin ƙwarewar Turanci mai matakai tara a 2018, aka kuma daidaita shi da makin IELTS. Amma daidaita ma'auni daban, hukumar wata ƙasa ta yarda ta ba da lasisi da takardarka daban.

Sista Rabi:
Ni abin da na fi yarda da shi shi ne sauyin da NMC ta yi a 2023. Wanda ya gaza da rabin maki a ɓangare ɗaya, in ya yi shekara yana aikin kula da marasa lafiya a Birtaniya, shugabanninsa na wurin aiki na iya ba da shaida cewa yana fahimta ana fahimtarsa. Sannan an ba da damar haɗa sakamakon zama biyu cikin wata 12. Wadda ta ga yadda kike lallashin tsoho ya sha magani ta fi mai jarrabawa sanin Turancinki. Sai dai fa sai kin riga kin shigo ƙasar, kina ƙaramin aiki da ƙaramin albashi, alhali a gida ke babbar nas ce. Na ga 'yan Sin a wannan hali, abin ba daɗi.

Isuhu Yamai:
To mi zai hana a yi irin wannan ga masu zuwa wurinmu? Nas ɗin da ke tsaye tare da likitan kullum shi ya san ko mutane na gane shi.

Dakta Auwal:
Bambancin, Malam Isuhu, su tawagar gwamnati da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa suke zuwa, ba kowa ke neman lasisi da kansa ba, kuma ƙasar da ke ƙarancin likitoci ba ta cika kafa wa mai taimako sharaɗi ba.

Baba Ɗanladi:
Wato mai ƙarfi shi ke kafa jarrabawa. Malam Habibu, saura ɗaya da ban kawo ba. Takardar shekara biyu take yi ta mutu. Likitan da ya ci B, bizarsa ta makale, shekara biyu ta cika, sai ya sake biya. Turancin ne ke ruɓewa?

Malam Habibu:
Hujjarsu ita ce harshen da ba a amfani da shi yana dushewa, kuma ga wanda ya koma asibitin da ba mai yi masa Turanci daga safe har dare, kamar yawancin likitocin Sin, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma a ce daidai wata 24 ga kowa, da wanda ya ci da kyar da wanda ya ci A, wannan kam ba ni da abin da zan kare shi da shi, Baba.

Baba Ɗanladi:
To a rubuta mini wannan a gefena. Ummi, in kin tashi zama, ki zo in ba ki gudummawar kuɗin zama ɗaya. Na biyu kuwa ki nemi Malam Habibu.